Malama Ta Hana Allura

Ranar da Midhat ya dawo daga hamadar Sina, a kan matakalar bene muka yi kiciɓis. Ni ina saukowa da jakar cefane, shi yana hawowa ba takalmi, sanye da farar riga har idon sawu, ga wani dogon carbi na icce a wuya. Ya tsaya ya ƙura mini ido kamar bai taɓa ganin tsohuwa da jakar cefane ba, sai ga hawaye.

"Tanti Ummu Tamir," in ji shi, "ashe haka kike da haske?"

Na ce, "Hasken taga ne, ɗan nan. Ina takalmanka?"

"Na bar wa dutse."

Ban tambaye shi abin da dutse zai yi da takalmi ba. Na ce ya yi sauri, tun safe uwarsa take ɗumama masa miya.

Ƙofata da ta uwarsa, Hagga Atiyat, wato hajiya a bakinmu, suna kallon juna ne a hawa na huɗu, a nan unguwar Muharram Bek. Tun muna da mazaje muke shan shayin hantsi tare, har muka binne su muka ci gaba da sha. Ita tela ce, rabin amaren layinmu da ɗinkinta suka shiga gidan miji. Ciwon suga ya daɗe da kama ta, amma ta iya zama da shi. Allura safe da yamma, kwalbar tana ƙofar firiji kusa da ƙwai. In ta ga basbusa, wainar nan mai zaƙi, sai ta yanki ɗan kaɗan, ta ce wa ciwon ya yi haƙuri yau ɗaya.

Midhat kuwa injiniya ne, kuma kafin tafiyar nan ba a zama kusa da shi. In ya daka wa matarsa Nirmin tsawa, har mai gadi a ƙasa sai ya gyara zama. Wani abokinsa ne ya ja shi wani sansani a bakin teku, inda ake dafa jiƙon ɓawon itace da 'ya'yan ciyawa. In mutum ya sha, sai ya yi amai kamar zai fitar da hanjinsa, daga nan ya fara ganin abubuwa. Ba sa kiran jiƙon da sunansa. Malama suke ce masa, kuma cikin ladabi, kamar tana bayan ƙofa tana jin su.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, farkon abin ya yi kyau. Ya durƙusa gaban uwarsa ya nemi gafarar duk ɗaga murya da ya taɓa yi mata. Ya bar taba. An ma gan shi sau ɗaya yana wanke kofuna. Hagga ta ce mini, tana kurɓar shayi, "Ko me suka ba shi a can, Allah ya ƙara musu kasuwa."

Ba a jima ba ya ajiye aiki, don Malama ta ce masa ofis kabari ne mai fanka. Ya saki gidan hayarsa ya kwaso Nirmin da akwatuna, wai ya zo ya yi wa Mama hidima. Hidimar ta fara da falo. Aka fitar da kujeru, aka ɗauke talabijin, keken ɗinkin Hagga ya koma baranda ƙarƙashin leda. Aka shimfiɗa katifu, kowace da bokitinta a gefe. Ita kuma aka mayar da ita ɗan ɗakin da ke kusa da kicin, don babban ɗakinta ya fi dacewa da baƙin da tafiya ta yi musu nisa suke bukatar kwanciya.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai su fara hawowa. Akwai wata mai aiki a banki, da samari masu ɗaure gashi a ƙeya, da wani dattijo mai tsadadden agogo da ke neman yaron da ke cikinsa. A rufe tagogi da rana tsaka, a kunna turare, a raba wa kowa kofin jiƙon, Midhat ya ɗauki ɗan gangansa. Ta bango nake jin komai: waƙa, sai shiru, sai kakarin amai daga kowace kusurwa. Washegari Hagga ce ke wanke bokitan, don Nirmin ba ta jure wari, shi kuma bai gama saukowa daga inda Malama ta kai shi ba.

Wata safiya na shiga da farantin ful ɗina, dafaffen waken karin kumallo, na tarar da Hagga tsaye gaban firiji a buɗe, tana ɗaga ƙwai ɗaya bayan ɗaya kamar kwalbar za ta ɓuya a ƙarƙashinsu.

"Midhat! Ina allurata?"

Ya fito a hankali. Yanzu komai a hankali yake yi, har amsa kira.

"Mama, zauna. Jiya Malama ta nuna mini ke."

"Ta ce a gaishe ni?"

"Na ga jikinki garau kamar gilashi. Babu ciwo a cikinsa, Mama. Baƙin ciki ne ya daskare tun rasuwar Baba. Allurar nan ita ke hana shi narkewa."

"To ka ce mata na gode. Ina kwalbar?"

"Na mayar da ita inda ta fito."

"Kantin magani?"

"Ƙasa, Mama. Komai daga ƙasa ya fito."

A kwandon shara ya jefa ta. Na ce, "Midhat, likita fa ya rubuta mata."

Ya yi mini murmushin nan nasa na tausayi. "Tanti, likita jiki ya karanta. Ni abin da ke bayan jiki aka nuna mini."

Hagga ta ce, "Abin da ke bayan jikinka ni na yi ta wanke maka shi kana jariri, ban ga wani sirri a can ba."

Muka yi dariya, har shi. Mun ɗauka zazzaɓi ne zai sauka. Na sayo wata kwalbar na ajiye a firijina, Hagga ta koma zuwa aron albasa safe da yamma. Ta shigo, ta ɗaga riga, in yi mata, ta fita da albasa ɗaya a hannu. Haka muka yi ta yi har Nirmin ta lura kwandon albasarsu ya cika yana zuba, alhali ba a soya komai a gidan.

Midhat ya zo ƙofata da kansa, ya haɗa tafin hannu a ƙirji.

"Tanti, na yafe miki."

"Na gode. Me na yi?"

"Kina sa mata guba ne da soyayya, na sani. Ba laifinki ba ne, ba a buɗe miki ba tukuna. Amma inuwarki ta yi wa gidan nauyi. Ki ɗan ba mu lokaci."

Na ce, "Inuwar tawa ce ta riƙe ka ranar da aka yi maka kaciya, ba ka ce ta yi nauyi ba."

Ya rufe ido ya ja numfashi, ya sake shi a kaina kamar mai hura shayi. Daga ranar ya canza makullin ƙofa. Mabuɗi ɗaya yana wuyansa tare da carbi, ɗaya yana jakar Nirmin.

Abin da ya rage mana shi ne taga. Tagar kicin ɗina da ta ɗan ɗakinta suna kallon juna ta ramin iskan da ke tsakiyar gini, inda bututun ruwa ke bi. Ta nan na ci gaba da ganin ta, ta nan kuma na ga tana raguwa. An hana gishiri a gidan, an hana mai, an hana nama, har shayi. Abin da aka yarda da shi dabino ne da baƙar zumar rake, don su daga ƙasa suke kai tsaye. Mai ciwon suga, ba allura, ana ɗura mata zuma da cokali. Ta fara shan ruwa kamar raƙumi tana zaryar banɗaki. Rigunanta suka fara yi mata yawa. Wata rana ta dube ni ta tagar ta ce, "Ummu Tamir, ke ce ko labule?"

Na ce, "Ni ce. Hagga, kin gaya masa ba kya gani sosai?"

"Na gaya masa. Ya ce idon waje ne ke rufewa don na ciki ya buɗe."

"Na cikin ya buɗe?"

"In ya buɗe, to shi ma tabarau yake bukata."

Na ɗura allura a sirinji na ɗaura a sandar tsintsiya na miƙa mata. Mun yi haka sau da dama. Wani lokaci ta yi, wani lokaci sirinjin ya suɓuce ya faɗa ramin. Mai gadi, Ammu Shahat, ya tsinci guda biyu a ƙasa ya hawo yana tambaya ko wani yaro ne ya lalace a ginin.

Sannan Midhat ya ce lokaci ya yi da Hagga za ta gana da Malama da kanta. Ta ƙi, ya yi kuka. Ta sake ƙi, ya daina cin abinci. Ba ta taɓa iya kallon ɗanta da yunwa ba, sai ta karɓi kofin. Ita ta ba ni labari washegari, muryarta a shaƙe, fuskarta kamar an wanke ta da toka.

"Ɗacinsa, Ummu Tamir, kamar an dafa tsohon takalmi. Na yi amai har na ga abincin bikina. Zuciyata ta dinga dukan ƙirjina kamar mai bin bashi a ƙofa. Na yi shahada na ce shi ke nan."

"Kin ga wani abu?"

"Na ga labulen falo yana numfashi, kuma yana bukatar wanki. Sai na ga marigayi zaune a kan kabad da singiletinsa."

"Abdul Mun'im? Ya ce me?"

"Ya ce ina abincin rana. Midhat ya faɗi yana kuka, wai Baba ya zo, Baba ya zo, me ya ce a kaina. Na ce wallahi bai tambaye ka ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da tarin ya lafa ta ce, "Na ji tsoro, 'yar'uwa. Na ji tsoro ƙwarai. Ina ta kiran sunansa, shi yana ta buga ganga."

An kuma hana sa takalmi a gidan, don kowa ya ji ƙasa a tafin ƙafarsa. Ƙasa a hawa na huɗu. Wata Juma'a garwashi ya faɗo daga kaskon turare, Hagga ta taka shi tana ɗauke da bokiti. Ba ta ma ji ba, ƙafafunta sun daɗe da daina kawo mata labari. Sai da Nirmin ta ji ƙaurin fata sannan aka duba. Midhat ya shafa wa wurin zuma, ya rufe da ganye, ya yi masa waƙa.

Na tare Nirmin a matakala tana dawowa daga kasuwa.

"'Yata, ku kai ta asibiti. Ƙafar mai suga ba a wasa da ita."

Ta ajiye jakarta ta dube ni. Ba muguwa ba ce Nirmin, gajiyayya ce.

"Tanti, kin san yadda yake da. Kin ji abin da nake sha ta bango. Yanzu yana ce mini 'yar'uwar ruhina. Yana tambayata ko na yi mafarki. In na sa baki a maganar Mama, tsohon Midhat ne zai dawo, kuma a kaina zai sauka, ba a kanki ba."

"To ita ce za ta biya kuɗin zaman lafiyarki?"

"Ai ba ta ce tana jin zafi ba."

"Ba ta ji ne, shi ne ciwon!"

Ta ɗauki jakarta. "Ya ce mako mai zuwa za a ga canji."

An ga canji. Yatsun suka yi ja, suka yi shuɗi, babban ya fara baƙi. Hagga ta ɗaga mini ƙafar a bakin taga da ƙyar, na gani. Na kira 'yarta Abir a Kuwait. Ta ɗauka tana tuƙi, ina jin yara suna faɗa a bayan mota.

"Tanti, jiya na yi magana da su ta bidiyo, Mama ta ce lafiyarta ƙalau."

"Fuskarta kika gani. Kin ce ta nuna miki ƙafa?"

"Yaya Midhat ya yi mini bayani, wai jiki ne ke fitar da dafi. Ni ban fahimci abubuwan nan nasa ba, amma ki duba, mutumin da a da sai ya yi wata bai leƙa ta ba, yanzu yana gida ɗaya da ita. Wasu 'ya'yan gidan tsofaffi suke kai iyayensu. Kuma kin san Mama da son a tausaya mata. In sha Allahu da hutu zan zo."

Da yamma na gaya wa Hagga ta taga cewa na gaji. Na ce zan je ofishin 'yan sanda in gaya musu abin da ake dafawa a kicin ɗinta. Ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Ummu Tamir, in kika yi haka ba ni ba ke har gaban Allah. Kin san shekara nawa ake yanke wa mai irin wannan? Zai shiga da baƙin gashi ya fito ba haƙori. Ni na haife shi."

"Zai kashe ki."

"Ba da gangan ba. Yaron nan bai taɓa samun abin da ya iya ba sai wannan. Ubansa bai taɓa ce masa ya yi daidai ba. Yanzu mutane suna zuwa suna sumbatar hannunsa. Ki bar shi ya ɗan ji daɗi, zai gaji."

"Ƙafar fa?"

"Ina da biyu."

Washegari na ji bugun guduma. Midhat ne ke kafe tagar da ƙusa. Ya ce hirarmu tana shiga cikin tafiyar baƙinsa, wata ta ji muryata a sama ta uku ina maganar 'yan sanda.

Daga nan sai hanci ya zama idona. Turaren gidan ya ƙaru, ana kunna shi har ranar da babu baƙi, amma akwai wani wari a ƙarƙashinsa da turare bai iya dannewa ba. Na buga ƙofa ya fi a ƙirga. Wani lokaci ba a buɗewa. Wani lokaci Midhat ya buɗe kaɗan ya ce Mama tana cikin aiki mai zurfi, baƙin cikin ya taru wuri ɗaya yana sauka ta ƙafa, shi ya sa ta yi baƙi, kuma wannan albishir ne. Na kawo likitan unguwa har bakin ƙofar, Hagga da kanta ta ɗaga murya daga ciki ta ce ba ta kira kowa ba, a bar ta ta huta.

Ranar wata Juma'a da la'asar, ganga na tashi, aka ƙwanƙwasa mini a hankali. Nirmin ce, ba mayafi. Ta tura mini mabuɗi a hannu.

"Tana kiran sunan mutanen da ban sani ba. Jikinta kamar tanda. Kar ki ce ni na ba ki."

Na kira motar asibiti, na ƙwala wa Ammu Shahat kira, muka shiga. Falo duhu, hayaƙi ya cika shi, mutane kwance a katifu kamar kifi a faranti. Muka dinga tsallake su. Mai aikin bankin ta cafke idon sawuna tana kuka, wai ni ce kakarta, in yafe mata. Na ce na yafe, ta sake ni. Midhat ya ɗago kai daga gangarsa, idanunsa manya kamar na mujiya.

"Tanti, kin shigo tsakiyar tafiya. Akwai rayuka a buɗe a nan."

"Akwai ɗaya da ke shirin fita a ɗakin can."

"Haihuwa ce. Mama ake sake haihuwa. Kar ku taɓa ta yanzu, za ku ɓata komai!"

Ya miƙe zai tare mu, ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna a cikin bokitin wani. Ammu Shahat ya naɗe Hagga a bargo ya ɗauke ta kamar yarinya. Ba ta fi nauyin bargon da yawa ba.

A ƙasan gwiwa suka yanke. Likitar, wata doguwa mai gajiyayyun idanu, ta ce da an ƙara kwana ɗaya da ba ƙafa za a yi magana a kai ba. Da Hagga ta farfaɗo ta iya magana, likitar ta zo ta tsaya a kanta, mu duka muna wurin, har Abir da ta sauka daga jirgi da kumburarrun idanu.

"Hagga, wa ke kula da ke a gida? Wa ya dakatar da allurarki? Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne. In akwai wanda ya hana ki magani, ki gaya mini, akwai abin da doka ta ce in yi."

Nirmin ta dubi ƙasa. Na buɗe baki, Hagga ta damƙi hannuna ta matse har ƙashi.

"Ni na daina, 'yata. Na gaji da tsira. Ɗana ya yi ta roƙona in yi, na ƙi. Kin san tsufa da taurin kai."

Likitar ta daɗe tana kallon ta. Ta dubi farar rigar Midhat da ƙafafunsa marasa takalmi, ta sake duban Hagga. Ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, Hagga," ta fita.

A barandar asibiti Abir ta juyo kaina, wai me ya sa ban gaya mata abin ya kai haka ba, ai da na yi magana da ƙarfi. Midhat kuwa ya jingina da bango hawaye na zuba, fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa bushara.

"Kun ji abin da ta ce? Ta ɗauki alhakin kanta. Tanti, wannan shi ne matakin farko. Mutane suna shekaru ba su kai nan ba."

Na ce, "Midhat, an yanke wa uwarka ƙafa."

"Ta saki abin da take ɗauke da shi. Ba yadda na so ya fita ba ke nan, kun katse aikin a tsakiya, amma ya fita."

Ban mare shi ba. Wurin akwai jama'a, kuma uwarsa tana iya jiyowa.

Abir ta yi kwanakinta ta koma, don yara suna jarrabawa. Kafin ta tafi ta sa Midhat ya rantse a gaban uwarsu cewa ba zai ƙara taɓa allurar ba. Ya rantse cikin sauƙi. Ya ce ai yanzu ba komai, abin da allurar ke tarewa ya riga ya wuce. Aka ba ni mabuɗi, ni zan dinga yi mata safe da yamma. Maganar mayar da Hagga babban ɗakinta kuwa ba ta taso ba, don baƙi sun ƙaru. Labari ya bazu cewa uwar Midhat ta je bakin mutuwa ta dawo fuskarta na haske.

Ranar da aka sallame ta, tasi ta ajiye mu a ƙofar gini, sai ga matakala tana jiranmu. Kowa ya dubi Midhat. Ya ce da zai so ƙwarai, amma gobe Juma'a, kuma ba a so mai jagora ya ɗauki nauyin wani jiki ana gobe zama, yana rufe ƙirji. Ammu Shahat ya kawo kujerar katako, ya kira mai guga na ƙasan gini, wani mai furfura da ciwon baya. Suka ɗora ta suka fara hawa, suna tsayawa a kowane hawa suna haki. Ni ina biye da sandunanta da ledar magani.

Midhat ya riga mu yin gaba, wai zai share mata hanya. A hawa na uku muka same shi tsaye a tsakiyar matakala, hannuwa a buɗe, kai a sama, yana wani gunji a maƙogwaro. Hanya ba ta isa kujera ta wuce ba. Mai guga, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Injiniya, a ɗan ba mu wuri, don Annabi." Bai ji ba.

Hagga ta dube shi daga kan kujerar, bargo ya rufe inda ƙafar take da. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sunkuya ta ce wa masu ɗauke da ita, ƙasa-ƙasa, "Ku raɓa ta gefe, 'ya'yana. Ku yi a hankali kar ku buge shi. Idonsa a rufe yake."

Suka manna da bango, suka ɗaga ta sama da kafaɗarsa, suka wuce.

Ni ban san abin da ke cikin kofin nan ba, kuma ba zan ce duk wanda ya sha ƙarya yake yi ba. Wataƙila da gaske suna ganin abin da suke cewa. Midhat ya ba ni labarin sammai masu launin da ba shi da suna, da kogin haske, da ranar da ya zama ɗaya da kowace halitta, har tururuwa. Na yarda ya gani. Abin da na sani shi ne duk wannan tafiyar ya yi ta ne a falo, kuma daga falon zuwa ɗakin da uwarsa ke ruɓewa, kicin ne kawai a tsakani. Matarsa ta sayi kwanciyar hankalinta, ƙanwarsa ta sayi nata, shi ya sayi aljannarsa tun a duniya, kuma duk a jikin mace ɗaya aka cire kuɗin, ita ce ma ta ce su riƙe canjin.

Yanzu ranar Juma'a a wurina Hagga take wuni. Ina tura ta a keken guragu in tsallaka da ita, mu kunna talabijin da ƙarfi don kar mu ji kakarin. Wani lokaci tana cikin kallo sai ta miƙa hannu ta sosa iska a ƙasan gwiwarta. Makon jiya ta yi haka, ta ga ina kallonta, ta ce, "Ƙaiƙayi take yi mini, 'yar banza. Tana can inda suka binne ta, amma ina jin ta sarai." Ta gyara bargo. "Kar ki gaya wa Midhat. Zai ce na fara buɗewa."